Duffy: Ƙofar da zazzaɓin cizon sauro ya tarar a rufe a jininmu

Duk wanda ya taɓa zuwa asibiti ba da jini, ko ya raka mai naƙuda, ya san tambayar da ake fara jefa masa: mene ne rukunin jininka? Amsar ba ta wuce A, B, AB ko O, sai a ƙara da fozitif ko negetif. Masu shirin aure kuma sun san AA da AS da SS, ko da yake wannan gwajin sikila ne, ba rukunin jini ba, duk da yadda jama'a ke cakuɗa su. Abin da ba kasafai ake faɗa ba shi ne, rukunonin jinin da masana suka tantance sun haura 40. Ɗaya daga cikinsu, wanda ake kira Duffy, ya shafi mutanen Afirka ta Yamma fiye da kowa a duniya, kuma ta bauɗaɗɗiyar hanya: mafi yawanmu ba mu da shi a kan jajayen ƙwayoyin jininmu.

Wannan rashi ne ya kare kakanninmu daga wani nau'in zazzaɓin cizon sauro da ya addabi Indiya da Barazil, har da Ingila ta zamanin da. Shi ne kuma yakan sa likita a Landan ko Boston ya dubi sakamakon gwajin lafiyayyen ɗan Najeriya ya ɗaure fuska, ya ce akwai matsala. Tun da farko ya kamata mai karatu ya sani cewa sunan, duk da yadda yake faɗuwa a kunnen Bahaushe, ba shi da wata alaƙa da dafin maciji ko na kunama. Sunan wani majinyaci ne.

Majinyacin da ya bar sunansa a jini

Kowace jar ƙwayar jini tana ɗauke da shaidu a bayanta, kamar yadda tsagar gado a fuska take nuna gidan da mutum ya fito. Garkuwar jiki ta san shaidun gidanta. Idan aka ƙara wa mutum jini mai wata shaida da ba ta sani ba, tana iya ƙera makami na musamman domin ta far wa baƙon. Rukunin jini ke nan a taƙaice.

A shekarar 1950, masana uku a Landan, Marie Cutbush da Patrick Mollison da Dorothy Parkin, suka duba jinin wani mutum mai suna Duffy, wanda ke fama da cutar rashin daskarewar jini, aka kuma sha yi masa ƙarin jini. Sai suka tarar da wani makami a jininsa da ba su taɓa gani ba, mai kai hari ga jajayen ƙwayoyin wasu mutane ya ƙyale na wasu. Suka sa wa sabon rukunin sunansa, suka ɗauki haruffa biyu na ƙarshen sunan suka yi alama da su, wato Fy. Shaidar farko ta zama Fya. A 1951 aka gano takwararta, Fyb, ta hanyar jinin wata mata da ta yi haihuwa fiye da sau ɗaya. Kusan kowane Bature yana da ɗaya daga cikin biyun, ko kuma duka.

Shekara huɗu bayan haka, a 1955, Ruth Sanger da Robert Race da abokin aikinsu suka gwada jinin baƙaƙen fatar Amurka, suka ga kusan kashi biyu cikin uku ba su da Fya, ba su da Fyb. Da aka zo gwada mutanen Afirka su kansu, adadin ya zarce haka nesa. Taswirar da masana na Jami'ar Oxford suka fitar a 2011 ta nuna cewa a yankuna masu faɗi na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, sama da kashi 95 cikin 100 na jama'a ba su da shaidar. Da wuya a sami wata siffa ta gado da ta raba nahiya da nahiya sarai kamar wannan.

Akwai wani ɗan labari a gefe da ya cancanci ambato. A 1968 wani ɗalibin bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, Roger Donahue, ya dubi ƙullin gadon halittarsa a madubin likita, ya ga ɗaya daga cikin kiromosom na lamba 1 yana da wata siffa daban. Ya bi danginsa yana karɓar jininsu, ya gano cewa wannan siffa da rukunin Duffy tare ake gadonsu. Da haka Duffy ya zama siffar gado ta farko a jikin ɗan Adam da aka san takamaiman kiromosom ɗin da take zaune a kai, in aka cire waɗanda ke bambanta namiji da mace.

Zazzaɓin da ya ƙi kama wasu

Zazzaɓin cizon sauro ba iri ɗaya ba ne. Wanda muka sani a nan, mai kisan yara da masu juna biyu, ƙwayar cuta mai suna falsifarum ce ke kawo shi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙiyasta cewa a 2023 an samu kamuwa miliyan 263 da mutuwa kusan dubu 597 a duniya, kuma Najeriya kaɗai ta ɗauki kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na kamuwar. Amma akwai wata 'yar'uwarta da masana ke kira Plasmodium vivax, wadda za mu riƙa ce wa bibaks. Ba ta kai falsifarum saurin kisa ba, sai dai ta fi ta naci. Tana iya kwanciya a hanta makonni ko watanni, mutum ya ɗauka ya warke, sai ta farka ta sake zuba masa zazzaɓi ba tare da wani sabon cizo ba. Da wannan dabara ce ta iya jure hunturun ƙasashe masu sanyi, har ta taɓa kaiwa arewacin Rasha da Finland. A yau ta fi yawa a kudancin Asiya da Kudancin Amurka da ƙahon Afirka.

Yadda aka fara lura cewa bibaks tana tsallake wasu mutane labari ne mai tayar da tsigar jiki. Kafin a samu fanisilin, tunjeren da ya taɓa ƙwaƙwalwa ba shi da magani. A 1917 wani likitan Ostiriya, Julius Wagner-Jauregg, ya fara sa wa irin waɗannan majinyata zazzaɓin cizon sauro da gangan, domin zafin jiki ya kashe ƙwayar tunjere, daga baya a ba su kwinin. Har lambar Nobel aka ba shi a kan haka a 1927. Bibaks aka fi so a yi aikin da ita, saboda ba ta cika kisa ba. Da dabarar ta isa asibitocin kudancin Amurka, likitoci irin su Mark Boyd a jihar Florida suka rubuta a shekarun 1930 cewa baƙaƙen fata da yawa, ko an sa sauro mai ɗauke da bibaks ya cije su, ba sa kamuwa. An ga abin, an rubuta, amma babu wanda ya san dalili har tsawon shekara arba'in.

Wanda ya haɗa zaren shi ne Louis Miller na cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka. A 1975 shi da abokan aikinsa suka yi gwaji da wata ƙwayar zazzaɓin birai mai suna nolesi, dangin bibaks ta kusa, wadda a yanzu aka san tana kama mutane a Maleshiya. Suka ga tana shiga jajayen ƙwayoyin jinin kowa, ban da na waɗanda ba su da Duffy. A 1976 suka wallafa bayanin mutum 17 da sauro mai bibaks ya cija a wani gwaji: baƙaƙen fata 11 da farare 6. Mutum 12 da ke da Duffy, baƙi da fari, duk sun kamu. Mutum 5 da ba su da shi, ko ɗaya bai kamu ba. Adadin kaɗan ne, amma rabuwar ta fito fili. Ta kuma nuna abin da ya kamata a jaddada: launin fata ba shi ne garkuwar ba, domin baƙaƙe shida sun kamu kamar kowa. Shaidar da ke kan ƙwayar jini ce ke yanke hukunci.

Ga yadda abin yake. Bayan bibaks ta gama hayayyafa a hanta ta fito cikin jini, tana da ɗan gajeren lokaci ta samu mafaka kafin garkuwar jiki ta gama da ita. Ba kowace jar ƙwaya take so ba, sai sababbi, waɗanda ba su daɗe da fitowa daga ɓargo ba. Idan ta samu ɗaya, sai ta fito da wani furotin daga bakinta ta damƙi Duffy da shi, kamar mai kama mariƙin ƙofa, sannan ta kutsa ciki. Idan babu mariƙin, sai ta yi ta lalube ta zame. Falsifarum kuwa tana da hanyoyin shiga da yawa, ba ta buƙatar Duffy ko kaɗan. Shi ya sa wannan gado bai hana mu kwanciya duk damina ba.

Harafi ɗaya cikin biliyan uku

A 1995 Christophe Tournamille da abokan aikinsa a Faransa suka gano asalin rashin. Gadon halittar ɗan Adam rubutu ne mai haruffa kimanin biliyan uku. A gaban layin da ke ɗauke da umarnin ƙera Duffy akwai wani ɗan wuri da ke aiki kamar makunnin fitila. Wani furotin mai suna GATA-1, wanda aikinsa a cikin ƙwayoyin da za su zama jajayen ƙwayoyin jini yake, shi ne ke danna makunnin. A jikin mafi yawan 'yan Afirka ta Yamma harafi ɗaya tak ya sauya a wannan wuri, T ya koma C, sai GATA-1 ya kasa samun wurin dafawa.

Abin lura a nan shi ne, umarnin kansa yana nan daram. Makunnin ɗaki ɗaya ne ya mutu, sauran ɗakunan gidan suna da wuta. Saboda haka mutumin da aka ce ba shi da Duffy yana da shi a bangon ƙananan jijiyoyin jininsa da wani sashe na bayan ƙwaƙwalwarsa. Jajayen ƙwayoyin jininsa ne kawai suka fito babu shi. Kuma sai mutum ya gaji sauyin daga uwa da uba duka sannan shaidar take ɓacewa gaba ɗaya.

Yaushe wannan ya faru? Wani nazarin gadon halitta da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa sauyin ya fara mamaye jama'a kimanin shekara dubu 42 da suka wuce, kuma da ƙarfin da ba a cika ganin irinsa ba a tarihin ɗan Adam. An daɗe ana gardama a kan ko bibaks ce ta jawo shi, tunda ana ganin cutar Asiya ce, kuma mai sauƙi. A 2014 aka gano dangin bibaks na kusa a jikin manyan biran dazukan Afirka ta Tsakiya, abin da ya ƙarfafa ra'ayin cewa a nan nahiyar ta samo asali, ta addabi mutane, har jininsu ya rufe mata ƙofa, ta rage a wajen waɗanda suka yi ƙaura. Wata hujjar ta fito daga Papua New Guinea, inda bibaks ta yi katutu: a 1999 an tarar da irin wannan sauyin harafi ya ɓulla a can da kansa, ba ta hanyar gado daga Afirka ba.

To mene ne aikinsa na asali?

Jiki ba ya ƙera furotin domin ya zama ƙofar cuta. Tambayar aikin Duffy na gaskiya ta samu amsa a 1993, lokacin da Richard Horuk da wasu masana suka nuna cewa shi ne wurin da wasu sinadarai masu suna kemokin ke maƙalewa a kan jar ƙwayar jini. A shekarar ce kuma aka karanta umarnin ƙera shi. Furotin ne mai ɗiyan sarƙa 336, wanda ya ratsa fatar ƙwayar jini sau bakwai kamar ɗinkin allura, ya bar kansa a waje. Bambancin Fya da Fyb ɗiyar sarƙa ɗaya ce kacal, ta 42.

Kemokin 'yan aike ne. Idan ƙaya ta soki ƙafa, ƙwayoyin cuta suka shiga, naman wurin yakan saki waɗannan sinadarai, fararen ƙwayoyin jini su bi sawunsu daga inda suke da tsarari zuwa inda suka yi kauri, har su iso bakin fama. Yawancin furotin da ke karɓar kemokin suna isar da saƙo zuwa cikin ƙwayar da suke kai, su ce mata tashi ki tafi. Duffy ba ya yin haka, domin ba shi da sashen da ke isar da irin wannan saƙo. Yana kamawa ne ya riƙe. Kuma ba shi da zaɓe sosai, yana kama iri kusan ashirin daga manyan gidaje biyu na kemokin. Wannan hali ne ya sa sunansa na kimiyya a yanzu ya zama ACKR1, ma'ana mai karɓar kemokin wanda ya saɓa wa sauran.

A kan jajayen ƙwayoyi yana aiki kamar soso da kuma rumbu: idan kemokin suka yi yawa a jini ya tsotse, kada kururuwa ta cika gari sojoji su rasa inda za su nufa, idan sun yi ƙasa ya riƙa saki. A bangon ƙananan jijiyoyi kuwa yana ɗauko saƙon daga ɓangaren nama ya ƙetare da shi zuwa ɓangaren da jini ke gudana, ya ɗaga shi domin fararen ƙwayoyi masu wucewa su gani su tsaya. Wannan aiki na biyu, kamar yadda aka faɗa, yana nan a jikinmu.

Ma'aunin da aka yanka a jikin wasu

Nan ne batun ya fi shafar mai karatu kai tsaye. Daga cikin fararen ƙwayoyin jini akwai masu suna niyutirofil, waɗanda su ne 'yan sahun gaba wajen yaƙar ƙwayoyin cuta. Littattafan likitanci sun daɗe suna cewa idan adadinsu ya yi ƙasa da 1,500 a kowace maikrolita ta jini, akwai abin dubawa. An samo wannan adadi ne daga gwajin Turawa galibi. Tun tuni likitoci suka lura cewa lafiyayyun 'yan Afirka da wasu Larabawa da Yahudawan Yaman sukan faɗo kusa da wannan layi ko ƙasa da shi, ba tare da wani ciwo ba. Aka ƙirƙiro wa abin suna mai nufin ƙarancin niyutirofil na ƙabila marar illa. A 2008 da 2009 nazarin gadon dubban baƙaƙen fatar Amurka ya nuna cewa babban dalilin shi ne wancan harafi guda na Duffy.

Wani bincike a Boston a kan lafiyayyun baƙaƙen fata ya samu matsakaicin adadi kusan 2,800 ga marasa Duffy, da kusan 5,000 ga masu shi. Tazarar babba ce. Amma ba a ga marasa Duffy suna kamuwa da cututtuka fiye da kowa ba, kuma ɓargonsu yana ƙera niyutirofil yadda ya kamata. Gwajin da aka yi da ɓeraye a 2017 ya nuna alamar cewa ƙwayoyin sukan bar magudanar jini da wuri su tare a wurare irin su saifa. Wato dakarun suna nan, ba a kan titin da ake ƙidaya ba ne kawai.

Illar kuskuren karatu ba ƙarama ba ce. An sha huda ƙashin lafiyayyun mutane a ɗebo ɓargo ana neman cutar da babu ita. An sha jinkirta wa masu cutar daji maganinsu, ko a rage musu shi, saboda ana jiran adadin ya hau wani matsayi da jikinsu bai taɓa zama a kai ba. Gwaje-gwajen sababbin magunguna da yawa suna ƙin ɗaukar wanda ke ƙasa da 1,500, don haka ake barin 'yan asalin Afirka a waje. Haka maganin kilozafin, wanda shi ne mafaka ta ƙarshe ga wasu masu taɓin hankali mai tsanani, an hana mutane da yawa shi kafin hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sassauta ƙa'idar a 2015 ga masu irin wannan jini. A 2021 likitocin jini biyu a Boston, Lauren Merz da Maureen Achebe, suka yi kira da a daina kiran abin da sunan ciwo, a kira shi adadin niyutirofil na marasa Duffy kawai. A ganina sun yi gaskiya. Siffar da ɗaruruwan miliyoyin mutane suke da ita cikin ƙoshin lafiya ba ta cancanci a rubuta ta a layin cututtuka ba.

Ya kamata dakunan gwajinmu su tambayi kansu: adadin da ake bugawa a gefen takardar sakamako a matsayin na lafiya, daga jinin wa aka samo shi? Idan wanda ya zo tare da na'urar daga Turai ne, to da ma'aunin wasu ake auna mu. Wannan ba ya nufin mutum ya yi watsi da ƙarancin fararen ƙwayoyin jini. Wanda ke yawan zazzaɓi ko gyambon baki, ko adadinsa ya faɗi warwas daga inda yake a da, dole likita ya bincika. Abin da ake so shi ne a san inda jikin mutum yake zaune tun yana lafiya.

Ƙarin jini a ƙasar waje

A cikin gida, inda mai bayarwa da mai karɓa kusan duk ba su da Duffy, rukunin bai cika kawo matsala ba. Matsalar takan taso ne idan ɗan Afirka ta Yamma ya karɓi jini a wata nahiya. Kusan kashi biyu cikin uku na Turawa suna da Fya, mutanen Sin da Japan kuwa kusan dukkansu, haka ma yana da yawa a Indiya. Jikin da bai san Fya ba yana iya ƙera makami a kansa bayan ƙarin farko, sai a ƙari na gaba ya farfasa jinin da aka sa masa, wani lokaci bayan kwanaki. Fyb ba ta cika tayar da wannan faɗa ba, domin ita ce shaidar da ke bangon jijiyoyinmu, jiki ya san ta.

Masu sikila ne suka fi shiga wannan haɗari, saboda yawan ƙarin jinin da ake yi musu, kuma Duffy ɗaya ne kawai daga cikin rukunonin da jininsu kan saɓa da na Turawa. Dalili ke nan da hukumar jini ta Ingila take ta roƙon baƙaƙen fata su fito su ba da jini. Duk wanda zai kai majinyaci mai sikila Indiya ko Turai, yana da kyau ya nemi a yi masa cikakken gwajin rukunonin jini kafin ƙarin farko, ya kuma riƙe takardar.

Ƙofar ta fara nuna tsaga

Shekara talatin bayan aikin Miller, an ɗauki maganar a matsayin doka: babu bibaks a Afirka ta Yamma. Idan ma'aikacin gwaji ya ga abin da ya yi kama da ita a madubi, sai a ce obale ce, wata ƙwayar zazzaɓin da ke kama da ita sosai kuma ba ta buƙatar Duffy. An san akwai bibaks a Habasha da Sudan da Muritaniya da arewacin Mali, amma an danganta hakan da yawan masu Duffy a waɗannan wurare. Gabashin Sudan, inda Hausawa da yawa suka zauna a kan tsohuwar hanyar hajji, yana cikin wuraren da ta yi ƙarfi.

Sai rahotanni suka fara fitowa. A 2006 daga yammacin Kenya, a 2007 daga Barazil. A 2010 Didier Ménard da abokan aikinsa suka kawo hujja mai ƙarfi daga Madagaska: mutanen da gwajin gado ya tabbatar ba su da Duffy, ga kuma bibaks a cikin jajayen ƙwayoyinsu, wasu har da zazzaɓi. Daga nan aka samu irin haka a Habasha da Sudan, da garin Dschang na Kamaru, da Bandiagara ta Mali. A Najeriya ma an ba da rahoton wasu 'yan kaɗan daga jihohin Legas da Edo.

Ta ina take shiga? An gano cewa wasu ƙwayoyin bibaks suna da kwafi fiye da ɗaya na umarnin ƙera furotin da suke damƙar Duffy da shi. A 2018 an gano wani mariƙin na daban da take kamawa a kan sababbin jajayen ƙwayoyi, wanda aikinsa na asali shigo da sinadarin ƙarfe ne. Sannan a 2023 ƙungiyoyin masana biyu suka nuna cewa makunnin nan bai mutu murus ba: a cikin ɓargon marasa Duffy, wasu 'yan ƙwayoyi masu tasowa sukan fito da shaidar na ɗan lokaci kafin ta ɓace. Idan haka ne, bibaks tana iya ɓuya a ɓargo da saifa, ta riƙa rayuwa a ɓoye, adadinta a jinin da ake ɗiba a yatsa ya yi ƙanƙantar da madubi ba zai gani ba.

Bai kamata a zuzuta abin ba. Kariyar tana nan da ƙarfinta, yawancin waɗanda aka samu da cutar ƙwayoyin kaɗan ne a jininsu, kuma falsifarum ce har gobe mai kashe mana yara. Ba a kuma tabbatar ko bibaks ce ta koyi sabuwar dabara, ko kuwa na'urorinmu ne suka ƙara kaifin gani ba. Ni na fi karkata ga na biyun, domin wanda ya yanke cewa abu babu shi ba ya fita nemansa. Kayan gwajin gaggawa da aka fi rabawa a ƙananan asibitocinmu an ƙera su ne su gano wani furotin na falsifarum kaɗai. Mai bibaks zalla zai gwada a ce masa babu komai.

Ga masu tsara yaƙi da zazzaɓi wannan yana da nauyi. Magungunan da muke sha suna share ƙwayar da ke cikin jini, ba sa taɓa wadda ta kwanta a hanta. Mai fitar da ita shi ne firimakwin, wanda aka saba sha kwana 14, ko tafenokwin mai sha ɗaya da aka amince da shi a 2018. Dukkansu suna iya farfasa jinin mai ƙarancin wani sinadari da ake kira G6PD, kuma wannan ƙaranci ya yawaita a tsakanin mazan Afirka ta Yamma, don haka sai an gwada kafin a bayar. Ƙasashen da suka yi nisa wajen murƙushe falsifarum, irin su na kudu maso gabashin Asiya, sun ga cewa bibaks ce ke saura a baya tana ba da wahala.

Rigakafin R21 da Najeriya ta fara yi wa yara a jihohin Kebbi da Bayelsa a watan Disambar 2024 na falsifarum ne, ba ya aiki a kan bibaks. Ɗaya daga cikin waɗanda ake ƙoƙarin haɗawa domin bibaks ya dogara ne kacokan a kan labarin Duffy: a koya wa jiki ya ƙera makamin da zai toshe furotin da ƙwayar ke damƙar mariƙin da shi, wato a ara wa mai Duffy irin kariyar da marasa shi suka gada. A wani ƙaramin gwaji da Jami'ar Oxford ta wallafa a 2023, inda aka sa wa masu sa kai cutar da gangan bayan an yi musu allurar, saurin hayayyafar ƙwayar a jini ya ragu da kusan rabi ga waɗanda aka jinkirta wa allura ta uku. Bai hana su kamuwa ba, kuma ana ci gaba da gwada shi.